Bikin da Yaya Azumi Ba Ta Zo Ba

Ranar sadakar bakwai ta Yaya Azumi, Allah ya ji ƙanta, ina ɗaki ina naɗe tabarmi na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, tana gaya wa ƙawarta a tsakar gida cewa Hajiyar Kano mutuniyar kirki ce, sai dai fim ya fiye mata kowa, tunda ko auren ɗan cikinta ba ta zo ba. Ban fito na tanka ba, gida cike yake da baƙi. Amma maganar ta tsaya min a ƙirji. Lokacin bikin Haruna kuna ƙanana, abin da aka gaya muku shi kuka riƙe, kuma ni ce na gaya muku. Tana raye ta hana ni buɗe bakina a gabanku. Yanzu da ƙasa ta rufe ta, ba zan bari ku ci gaba da ɗaukar alhakinta ba.

Ita ce babba a ɗakinmu, ni ce auta. Mahaifinmu ɗan cikin garin Gumel ne mai sayar da hatsi, mahaifiyarmu kuwa, da muke kira Dada, Bafulatanar Ɗanzomo ce. Tun muna yara Yaya take kwaikwayon mutane. In baƙuwa ta zo ta tafi, kafin a ɗauke kwanon ruwan da aka ba ta, Yaya ta ɗaura ɗankwali irin nata, ta yi irin tafiyarta da irin tarinta, har Dada ta jefe ta da mafici tana dariya tana istigfari. An aurar da ita Gagarawa ga wani direba mai yawan fara'a da saurin zuciya, ya rasu a kan hanya Haruna yana goye. Da ta fita takaba ta tafi Kano wajen gwaggonmu. A can wani mai shirya wasan talabijin ya ga tana ba mata dariya a gidan suna, ya nemi izinin gwaggo ya sa ta a wasa ɗaya. Daga wasa ɗaya aka yi shekara talatin da wani abu, tun ana kallo a gidan mai unguwa har aka koma kaset, aka koma faifai, aka zo zamanin da yara ke tura fim a waya.

Haruna kuwa a satin da aka yaye shi ta kawo min shi. Ina da shekara uku a gidan babanku ko ɓari ban taɓa yi ba. Ta sauke shi daga bayanta ta ajiye a cinyata, fuskarta tana kallon ƙofa.

"Ga yaronki nan," in ji ta. "Ba ya son kunu da zafi."

Ku 'yan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari yadda aka yi ta a gidanmu ba. Dada har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba, sai dai ta ce "waccan". Yaya ta kwashi wannan ɗabi'a ɗungurungum ta tafi da ita Kano, birni bai rage mata komai ba. Sai Haruna ya tashi yana ganin uwarsa a talabijin tana rungume 'ya'yan wasu, tana kiran "ɗana, ɗana" tana hawaye, amma in ta zo da Sallah ya durƙusa ya gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Yana fita sai ta matso kusa da ni ta rage murya: tarin nan ya sake shi, takalminsa lamba nawa yanzu, wa yake yawo da shi. Duk wannan bai taɓa ji ba. Yana aji huɗu ya taɓa tambayata ina tankaɗe, wai Hajiyar Kano ta san sunansa kuwa. Na yi dariya na ce ta sani mana. Da na san inda tambayar za ta kai mu, da na ajiye rariyar na zaunar da shi.

Da shekaru suka fara hawa kanta, masu shirya fim suka gane fuskarta ta dace da muguwar uwar miji, suka ɗora ta a kai. Ita kuma ba ta iya yin abu rabi-rabi ba. In ta zo Gumel sai ta ja ni kasuwa, ba don sayayya ba, don ta tsaya kusa da masu awo ta ga yadda tsohuwa take juya ido in an taya kayanta da arha. Takan ce min masu tsawa ba su iya mugunta ba, muguwar gaske a hankali take magana tana murmushi. Wasu sai sun shafa man zafi a ƙasan ido kafin hawaye ya zo musu, ita ba ta taɓa ba. Kuma duk yarinyar da ta zaga a gaban kyamara, ana cewa an gama sai ta bi ta ta riƙe hannunta ta ce ta yafe mata, har yaran suna mata tsiya suna cewa Hajiya ai aiki ne. Ta ce ta sani, amma harshenta ne ya faɗa, kuma shi za a tambaya.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, Haruna yana aikin duba lafiyar dabbobi a karar Maigatari. A can ya ga Fatsima, marainiya ce, kakarta Hajiya Dije ce ta riƙe ta. Babanku da 'yan'uwansa suka kai gaisuwa aka karɓa da mutunci. Bayan sati biyu aka dawo mana da goronmu ba a ko kwance ƙullin ba. Ɗan aiken ya yi ta kame-kame, da ƙyar ya faɗa: an yi bincike an gano wace ce ta haifi yaron, tsohuwa ta ce ba da jikarta ba. Haruna ya daina cin abinci. Ba ya magana, sai ya dawo aiki ya zauna a bakin rijiya har a kira magariba. Babanku ya ce a bar wa Allah. Ni na kasa. Wata Asabar na saka hijabina na shiga mota a tasha ban gaya wa kowa inda za ni ba.

Na sami Hajiya Dije a gindin darbejiya tana tsince wake. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, asalinta daga wajen Damagaram, idonta tar. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta sa aka kawo min fura, sai da na sha sannan ta dube ni.

"Ke ce uwar yaron?"

"Ni na riƙe shi, Hajiya."

"To waccan ta cikin tele fa?"

Na ce yayata ce, kuma abin da take gani wasa ne, rubuta musu ake yi su faɗa.

"Har hararar rubuta mata ake yi?" in ji ta. "'Yar nan, mata biyar na aurar, na san idon uwar miji. Yarinya da ciki wata tara ta sa ta daka, ita tana kan kujera tana cin goro. Ranar da ta kifar da tuwon yarinyar nan a ƙasa, ni ban iya cin nawa ba. Tulu abin da ke cikinsa yake tsattsafowa. Fatsima a hannuna uwarta ta bar ta, gobe ni za a tambaya."

Na yi rantsuwa, na kawo misali, na ce ta tambayi duk wanda ya san gidanmu a Gumel. Tana ta tsintar wakenta. Da na ga zan tashi hannu rabbana, sai fuskar Haruna a bakin rijiya ta faɗo min, na ce mata ai Yaya ba ruwanta da shi, tun yaye yake hannuna, ko sunansa ba ta faɗa, ko kallonsa ba ta yi. Tsohuwa ta tsayar da hannunta. Ita ma ta san al'ada, ta fi ni saninta.

"Kunya ce, ko rashin kula?"

Ƙofa biyu ta buɗe min, kuma na san wacce ce gaskiya. Na san lambar takalmin da ake tambayata duk Sallah. Amma na san in na ce kunya ce, na tabbatar mata uwa ce mai iko da ɗanta da matar ɗanta.

"Rashin kula ne, Hajiya," na ce.

Ta daɗe tana kallona. Daga nan ta ce in haka ne ta ba ni Fatsima, ni ta ba, ba waccan ba. Sharaɗinta ɗaya: kada matar nan ta zo biki, kada ta taka ɗakin jikarta. Na ce na ɗauka. A mota ina dawowa na yi ta jan carbi, amma ban san me nake karantawa ba.

Yaya ta iso bayan kwana goma da akwatunan lefe, don labarin an daidaita kawai ta ji. Lokacin kakar zoɓorodo ne, na baza shi a tsakar gida yana shan rana. Ta sa aka shigo da akwatunan ɗakina ta buɗe su da kanta tana ta zuba. Ashe shekaru ta yi tana tarawa. Kowace atamfa da garin da ta sayo ta wajen ɗaukar fim, wannan daga Jos, wannan daga Zariya ranar da ruwa ya hana su aiki. Har ta yanke irin ɗinkin da za mu yi ni da ita ranar wuni. Na bar ta ta gama, sannan na rufe ƙofa na gaya mata komai, har tambayar tsohuwa da amsar da na bayar. Ban rage ko kalma ba, don na san in na rage ba zan iya haɗa ido da ita ba har abada.

Sai ta yi dariya, dariyar gaske, har da dafa gwiwa.

"Ashe dai na iya aikin nan, Rabi. Shekara nawa ina jira a yaba min, ga shi tsohuwar Maigatari ta yaba."

Dariyar ta ƙare. Ta ɗauki wata shuɗiyar atamfa ta warware ta, ta sake ninkewa, ta sake warwarewa.

"Yarinyar tana da hankali?"

"Tana da shi, Yaya."

"Yaron naki yana sonta?"

"Har ya rame."

"To shi ke nan. Ki ce masa aiki ya riƙe ni, an sa ranar ɗauka ba zan samu zuwa ba. Kada ki kuskura ki gaya masa sharaɗin nan. Zuciyar ubansa gare shi, zai ce ya fasa, ya zo ya yi ta ramewa a banza."

Na ce to ai zai ƙullace ta. Ta ce ƙullatar uwa ba ta kashe ɗa, ya ƙullace ta yana da matarsa ya fi ya so ta yana zaune a bakin rijiya. Na fashe da kuka na ce ta yafe min abin da na faɗa a kanta. Ta ce in tashi in juya zoɓorodona kada ya yi baƙi. Washegari da hantsi ta koma Kano.

Da na gaya wa Haruna, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Inna, da ma me na sa rai?" Aka yi biki, ni na zauna a mazaunin uwar ango, mata suna yaba lefe suna cewa Rabi ta yi ƙoƙari, ina amsawa. Ku kuma kuka tambaya ina Hajiyar Kano, na ce tana wajen fim. Daga ranar Haruna ya ɗauke mata ƙafa. In ya ji za ta zo da Sallah, sai aiki ya taso masa a Maigatari. Ita kuma ba ta taɓa tambayar dalili ba, sai dai ta ce min amarya ta saba da ruwan Gumel kuwa. Abin da ban sani ba sai daga baya, tun da Yaya ta koma Kano ta ce ta daina fitowa a uwar miji. Masu shirya fim suka roƙe ta, ta ƙi. Su kuma ba su ga abin da za su yi da fuskar nan a uwa tagari ba, sai kiran ya ja baya. Wadda ake rubuta fim dominta ta koma fitowa a maƙwabciyar da ta zo gaisuwar mutuwa, ta faɗi magana biyu ta fita. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Cewa take yi yanzu ta samu lokacin zuwa Islamiyya.

Shekara biyu muna haka, Fatsima ta tafi gida haihuwar fari ta sauka lafiya, mace. Kwana uku da haihuwa Haruna ya shigo min da rana ina gyaran zogale, ya zauna a kan turmi.

"Inna, sunanki zan sa wa yarinyar nan. Amma Fatsima ta kafe wai sai dai sunan Hajiyar Kano. Na ce matar da ba ta zo aurena ba? Ta ce in zo in tambaye ki dalili."

Ashe ranar da na je Maigatari Fatsima tana cikin ɗaki, ta ji komai. Ta ɗauka mijinta ya sani, sai da zancen suna ya taso ta gane bai sani ba. Ba zan ɓoye muku ba, na so sunan nan. Ni na yi masa tsarki, ni na kwana da shi a asibiti da ƙyanda, kuma kalma ɗaya ta isa a kira yarinyar Rabi. Alkawarin da na yi wa Yaya ma yana gefena, sai in fake da shi. Amma na ga in na karɓa na ci amanarta sau biyu, na farko don yaron, na biyu don kaina. Na ture tiren zogalen na gaya masa. Na gaya masa lefen da aka yabe ni a kai, da tambayoyin da ake min duk Sallah in ya fita, da kalmar da na faɗa a gindin darbejiya. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana juya ta.

"Inna, shekara biyu," ya ce. "Shekara biyu ina wuce ta."

Ya tashi ya fita bai ci abincin da na zuba masa ba. Ranar na ɗauka na rasa shi, na ce in haka ne ma na cancanta. Ashe Maigatari ya nufa, ya durƙusa gaban Hajiya Dije ya roƙe ta ta janye sharaɗinta. Tsohuwa ta ce to ta zo, ita ma tana so ta gan ta ido da ido.

Ranar suna da sassafe aka raɗa wa yarinya Safiya, sunan Yaya na yanka, ita ce Ummin da kuka sani. Mu kuma muka isa da hantsi, ni da Yaya. Tun daga tasha take tambayata ko mayafinta ya yi, matar da ta tsaya gaban kyamara shekara talatin. Muna shiga gidan hayaniya ta ɗauke, mata suka ja 'ya'yansu jiki. Yaya ta cire takalmi tun daga nesa, ta je ta durƙusa har ƙasa gaban Hajiya Dije ta gaishe ta. Tsohuwa ta ƙare mata kallo sama da ƙasa.

"Ke ce?"

"Ni ce, Hajiya."

"A tele kin fi haka tsawo."

"A kan dakali suke tsayar da ni, Hajiya."

Wata ta yi dariya ta toshe baki. Tsohuwa ba ta yi ba. Ta ce to yi min hararar nan in gani. Yaya ta ce a yi mata afuwa, ta tuba ta daina. Tsohuwa ta ce gidanta ne, sai an yi. Yaya ta sunkuyar da kai, ta ɗago, sai ga wata mata daban a durƙushe a wurin, ni kaina sai da gabana ya faɗi. Hajiya Dije ta ja da baya ta ce a'uzu billahi. Kafin ta rufe baki fuskar ta narke, Yayata ta dawo tana ba da haƙuri. Gidan ya kaure da dariya. Tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce ita dai har yanzu ba ta gane inda ake ajiye irin wannan ido ba, amma wadda ta haƙura da bikin ɗanta don marainiya ta samu ɗaki, ba za ta kifar mata da tuwo ba. Da hannunta ta ɗauko jaririyar ta sa mata a cinya, ta ce ga takwararki. Sannan ta juyo kaina ta ce ni kuma tun ranar ta san ƙarya nake yi, idona ne ya faɗa, ta dai karɓa ne don ta ga iyakar uwar. 

Bayan azahar aka ce ango yana son shigowa ya gai da iyaye. Muna ɗakin Fatsima, Yaya tana riƙe da takwararta tana mata wasa. Tana jin sallamarsa ta juya fuska bango. Haruna ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa, ya gaishe ni, ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Ya daɗe a durƙushe bai tashi ba. Da ya buɗe baki, ni ya kalla, don ya gane yanzu ta inda ake bi a same ta.

"Inna, ki ce mata ta yafe min."

Na juya zan faɗa, ta riga ni.

"Rabi, ki ce wa yaron nan naki ban riƙe shi da komai ba. Allah ya yi masa albarka, ya raya masa abin da ya samu." Ta gyara wa jaririyar zani. "Kuma ki ce masa hularsa ta karkace, ga mutane a waje."

Ya kai hannu ya gyara. Ta karkace ɗin kuwa. Ina zaune tsakaninsu tun shigowarsa, ban ga lokacin da ta kalle shi ba.